Hanyar Zungeru Zuwa Kagara Da Tsofaffin Gadojinta

Gabatarwa

Wata rana ina koyar da darasin tarihi, sai na tambayi ɗalibaina ko wane gari ne hedkwatar Arewa kafin Kaduna. Ajin ya yi tsit. Can sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce Sakkwato, wani kuma ya ce Kano. Da na ce musu Zungeru ce, sai suka dubi juna suna murmushi, don a zatonsu wasa nake yi. Da yawa daga cikinsu sun sha ratsa garin a mota, abin da suka sani game da shi bai wuce kifi da rake da ake miƙo wa fasinja ta taga ba. Ban ga laifinsu ba, domin babu wani abu a bakin hanyar da zai gaya wa baƙo cewa daga nan aka taɓa mulkin ƙasar da ta tashi daga Kogin Kwara har Tafkin Chadi.

Wannan ne ya sa na ga ya kyautu in ɗan yi waiwaye, wanda Hausawa suka ce adon tafiya ne, a kan wata 'yar hanya ta karkara da ke cikin Jihar Neja. Ita ce wadda ta tashi daga Zungeru, garin da tsofaffinmu ke kira Dungurum, ta haye Kogin Kaduna, ta bi ta Garin Gabas da Tegina, ta isa Kagara. Tsawonta duka bai wuce kilomita 60 ba. Daga Kagara ta zarce Pandogari da Birnin Gwari har Kaduna, daga Tegina kuma wani reshe ya yi yamma ya haye Kogin Mariga zuwa Kwantagora. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne yadda hanyar nan da gadojinta suka ɗaga garuruwa suka kuma sauke su, da kuma su wane ne suka biya kuɗin aikin da guminsu.

Zamanin Fatake Da 'Yan Fito

Tun kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasar nan akwai hanya a wannan yanki, sai dai hanyar ƙafa ce da ta jakuna. Fataken Kano da Katsina da Zazzau masu zuwa Gwanja sayen goro, da masu gangarawa ƙasar Nufe da Ilori, sukan ratsa ta Birnin Gwari su shiga ƙasashen Kamuku da Gwari da Bassa da Pangu. Sukan tafi da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su komo da goro. Baturen nan ɗan yawon buɗe ido, Kilafaton, ya bi sawun irin waɗannan ayarori a 1826, ya ratsa Birnin Gwari a kan hanyarsa ta zuwa Zariya da Kano.

A wancan zamani kogi shi ne sarkin hanya. Da rani, in ruwa ya janye, madugu yakan nemi mashigi, a tattare riguna a ratsa da ƙafa. Da damina kuwa, in Kaduna ko Mariga ta kawo, ayari yakan yi kwana da kwanaki a zango yana jiran ruwa ya faɗa, ko kuwa a biya 'yan fito su haye da mutane da kaya a kwale-kwale, dabbobi kuma a ja su da igiya suna iyo. Saboda haka duk garin da ke bakin mashigi ya samu abin yi. Mata suna sayar da tuwo da fura, sarkin ruwa yana karɓar nasa, sarkin gari ma ana yi masa gaisuwa. Wato jinkirin da kogi ke jawo wa matafiyi shi ne arzikin mazauna bakinsa.

Sai dai hanyar ba ta rasa haɗari ba. A rabi na biyu na ƙarni na 19 Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya yi sansani a Wushishi, daga baya ya kafa Kwantagora. Yaƙe-yaƙensa da na ɗansa Ibrahim sun tarwatsa garuruwa masu yawa na Gwari da Kamuku, har mutane da dama suka bar fili suka hau duwatsu. A farkon 1901 sojojin Turawa suka ci Kwantagora da Bida, daga nan ne labarin hanyar ya ɗauki wani salo.

Yadda Dungurum Ta Zama Fadar Gwamna

Ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya yi shelar kafa mulkin Ingila a Arewa, a Lakwaja. Ya fara zama a Jebba, amma bai ji daɗin wurin ba, yana neman inda ya fi kusa da manyan masarautun da yake da niyyar ci. A lokacin jirgin ruwa ne kaɗai abin da ke iya ɗauko kaya masu nauyi daga bakin teku. Jirgi yakan hauro Kwara, ya shiga Kaduna, ya zo har wajen Wushishi in ruwa ya cika. Gaba da nan duwatsu sun tare kogin. To, a ɗan gaba da iyakar jirgin ne aka zaɓi fili aka gina bariki, a 1902 kuma gwamnati ta tare a Zungeru.

Don a haɗa barikin da mashigin jiragen ruwa, a 1901 aka shimfiɗa wani siririn layin dogo daga Wushishi zuwa Zungeru, wanda faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kacal. A 1902 aka ƙara shi zuwa Barijuko, inda ruwa ya fi zurfi, tsawonsa duka ya kai kimanin mil 22. Wannan shi ne jirgin ƙasa na farko da ya taɓa yin kuka a Arewa. Da aikinsa ya ƙare, aka tumɓuke ƙarafan aka kai su aikin ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos don ɗaukar kuza, wanda shi ma aka rufe a 1957.

A cikin barikin akwai wani rafi, shi ne aka ɗora wa wata 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa a 1904, don Gwamna da ma'aikatansa su riƙa hayewa tsakanin gida da ofis. Tsawonta kimanin mita 14 ne. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan 'yar gada a ransa, domin za mu komo kanta.

Hanyar Keken Shanu Da Diban Gwamna

Da aka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, aka kuma ci Sakkwato a watan Maris na shekarar, sai Turawa suka ga babbar matsalarsu ita ce sufuri. Duk abin da za a kai Zariya ko Kano, harsashi ne ko takarda ko kuɗin azurfa na biyan soja, a kan mutum yake tafiya. Ɗan alaro yakan ɗauki kaya mai nauyin laba 60 ko kusa da haka, ya yi mil 15 a yini. Bature guda in zai tashi rangadi sai an nemo masa mutane da dama. Don rage wannan aka shiga share hanyar keken shanu daga Zungeru zuwa Zariya da Kano, aka bi tsohon sawun fatake ta Tegina da Birnin Gwari, wayar tangaraho ma ta bi nan.

Keken shanun bai yi albarka sosai ba. Ƙasar tana da kurmi da rafuka, tsando ya yi yawa, shanun sukan kamu da sammore su mutu. Da damina kuma laka takan riƙe ƙafar keke, ruwa ya tafi da kadarko. Ashe hanyar ta rani ce kawai. In ruwa ya sauka, kaya ya koma kan ɗan Adam.

Su wa suka share hanyar? Mutanen ƙauyukan da ke bakinta. Razdan ya aika wa sarki, sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya bi gida-gida. Wannan shi ne abin da aka sani da diban gwamna. Kakata ta wajen uwa, wadda ta tashi a wani ƙauye na wannan yanki, takan ba mu labarin da ta ji daga bakin mahaifinta, cewa da an gama girbi sai dogari ya iso, kowane gida ya ba da namiji guda, ya tafi da fartanyarsa da gatarinsa da guzurinsa. Maza suna sare itatuwa suna haƙar marmara, mata suna ɗebo ruwa ana yayyafawa ana daɓe hanya kamar yadda ake daɓen ɗaki. Ta ce abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne aikin ba ya ƙarewa, domin abin da aka gina bana, ruwan baɗi zai cinye shi.

Yadda ake gina irin waɗannan gadoji na karkara abin sani ne. Akan sare giginya, saboda gara ba ta cika cin ta ba, a kafa ginshiƙai a cikin rafi, a shimfiɗa azara a kai, a bi da rassa da ciyawa, sa'an nan a zuba ƙasa a daɓe. Inda rafin ke da faɗi da yashi, daga baya aka riƙa shimfiɗa duwatsu ko siminti a ƙasan rafin, mota ta bi ta cikin ruwa in bai yi yawa ba, in ya yi yawa direba ya kashe inji ya jira. Sai a 1933 aka yi dokar da ta taƙaita aikin tilas a Nijeriya, amma gyaran ƙananan hanyoyi na En'e ya daɗe yana kan wuyan talakawa bayan haka.

Gadar Ƙarfe A Kan Kaduna

Wanda ya gaji Lugga a 1907, Gwamna Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ne, shi ya sa ya mai da hankali ga layin dogo. Aka fara layi daga Baro a bakin Kwara, ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ya isa Kano a 1911. A daidai wannan lokaci layin da ya taso daga Ikko ya haye Kwara a Jebba, ya ratso ta Zungeru ya haɗu da wancan a Minna. A Jebba da farko a kan jirgin ruwa ake ɗora taragu a haye da su, sai wajen 1915 aka gama babbar gada. A Zungeru kuwa, inda Kaduna ta matse tsakanin duwatsu, an kafa ginshiƙai a kan dutse aka ɗora gadar ƙarfe.

Gadar nan ta yi aiki biyu shekaru masu yawa, jirgin ƙasa da motoci suna karɓa-karɓa a kanta, kamar yadda aka yi a tsofaffin gadojin Jebba da Makurɗi. Faɗinta na mota ɗaya ne. Ina yaro na sha hayewa ta kanta tare da mahaifina in za mu gaida dangi. Direba yakan tsaya a baki har sai na wancan gefe ya gama fitowa, sa'an nan ya shiga a hankali, ƙarafa suna ƙara, mata suna salati, mu yara kuwa muna leƙen ruwa yana tumfayi a kan duwatsu can ƙasa. Wanda ya taɓa hayewa ba ya mancewa.

Amma abin mamaki, jirgin da aka zaci zai ɗaukaka Zungeru shi ne ya rage mata daraja. Tun da kaya suna iya tafiya Kano a tarago cikin kwanaki kaɗan, hanyar keken shanu ta zama ba ta da amfani ga gwamnati, zama kusa da iyakar jirgin ruwa ma ya daina zama dalili. Ga zafi ga sauro. Lugga ya komo a 1912, aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 Zungeru tana hedkwatar Arewa, amma tuni ya riga ya zaɓi wani sabon wuri a gaba, inda layin dogo ya haye wannan kogi dai. A 1917 gwamnati ta koma Kaduna. Shekara 15 ke nan Dungurum ta yi tana fadar Gwamna. Gine-ginen suka zama kufai, 'yan fito sun riga sun rasa sana'a tun da aka yi gada, yanzu kuma masu sayar wa bariki abinci suka bi sahunsu.

'Ya'yan Hanya

Ko da yake zamanin gajere ne, hanyar ta haifi mutanen da ƙasa ba za ta mance da su ba. A Zungeru aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe ranar 16 ga Nuwamba 1904, mahaifinsa yana aikin akawu a gwamnatin Turawa, har ya tashi da jin Hausa yana yaro. A nan kuma aka haifi Odumegwu Ojukwu a 1933. A ɗaya ƙarshen hanyar, a Kagara, aka haifi Alhaji Abubakar Imam a 1911. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja zai tuna cewa a Kwantagora labarin ya soma, wato marubucin bai yi nisa da gida ba wajen zaɓen inda zai kafa tukunyarsa. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Imam yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi da Azikiwe suka shiga tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma da ta ziyarci Ingila. Ɗan wannan baki da ɗan wancan baki na 'yar hanya guda suka haɗu a jirgi ɗaya, kowa da ra'ayinsa a kan makomar Nijeriya.

Zamanin Kwalta Da Gingimari

Da mota ta yi ƙarfi bayan yaƙin, sai arziki ya koma kan hanya. Babban titin da ya haɗa Legas da Kaduna da Kano ya biyo ta Ilori da Jebba da Mokwa, ya zo Tegina, ya bi Kagara da Birnin Gwari. Tegina ta zama mararraba, inda hanyar Minna da Zungeru ta haɗu da ta Kwantagora da ta Kaduna. Direbobin gingimari da na tanka sukan kwana nan, masu abinci da masu faci da makanikai suka yi kasuwa. Birnin Gwari ma jan hanya ya sa aka kafa sabon gari a bakin kwalta, tsohon birnin da fatake suka sani ya zauna can gefe a kan hanyar Funtuwa. A wannan zamani ne aka maye gurbin yawancin gadojin giginya da na siminti da ƙarfe, aka sa kwalbati a ƙananan rafuka.

Wannan ma bai dawwama ba. An yi gada a kan Kwara kusa da Lakwaja, aka mai da babban birnin ƙasa Abuja a watan Disamba 1991, aka tagwaita titin Abuja zuwa Kaduna. Matafiya da yawa suka sauya hanya. Aka bar tsohon titin ga manyan motoci masu nauyin da waɗanda suka gina gadojin ba su taɓa tunaninsa ba, gyara kuwa sai an ga dama. A watan Yuni 2017 ruwan sama ya karya gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba, da wata a Bokani a kan hanyar Mokwa zuwa Tegina, motoci suka yi cirko-cirko, aka karkatar da su zuwa wasu hanyoyi da su ma ba su da ƙarfin ɗauka. A ƙarshen watan Mayu 2025 ambaliya ta auka wa garin Mokwa, ta hallaka mutane sama da 150, ta kuma lalata hanya da gada.

Hanyar da jama'a suka rage bi, ramuka suka hana mota gudu a kanta, ita ɓarayi ke so. A watan Fabrairu 2021 'yan bindiga suka tare motar fasinja a Kundu, kusa da Zungeru, suka tafi da mutanen ciki. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 17 ga watan, suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati a Kagara, suka kashe ɗalibi guda, suka kwashi mutum 42. A ƙarshen watan Mayu na shekarar suka ɗebi yara sama da 100 daga wata makarantar Islamiyya a Tegina, sai a watan Agusta aka sako su. A matsayina na malamin makaranta, wannan shi ne babin da ya fi yi mini nauyi a tarihin hanyar. Garin da ya haifi marubucin Magana Jari Ce ya wayi gari iyaye suna tsoron tura 'ya'yansu aji.

A gefe guda kuma kogin bai daina jawo manyan ayyuka ba. An gama madatsar ruwa ta Shiroro a 1990, mai ƙarfin megawat 600. An fara ta Zungeru a 2013, aka kammala a 2023, mai ƙarfin megawat 700. Wutar takan bi manyan wayoyi ta wuce birane, kamar yadda kayan Gwamna suka riƙa wucewa a kan 'yan alaro shekara 120 da suka shige.

Kammalawa

Yanzu mu komo ga 'yar gadar nan ta mita 14. Bayan gwamnati ta tashi, an kwance ta daga Zungeru aka kai ta Kaduna, aka ɗora ta a lambun da aka fi sani da Gamji a bakin kogi, a 1956 kuma aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa. Ana kiran ta da sunan Lugga, 'yan makaranta suna zuwa kallo, ana ɗaukar hoto a kanta. Ban ce adana ta laifi ne ba. Amma a duk gadojin wannan hanya ita ce mafi ƙanƙanta, ita ce kuma wadda talaka bai amfana da ita ba. Gadojin giginya da kakanninmu suka gina shekara bayan shekara ba su bar ko kututture ba, sunan ko mutum ɗaya daga cikin maginansu ba ya rubuce a jikin wani dutse. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya rage na wannan tarihi yana bakin tsofaffi ne a Garin Gabas da Tegina da Kagara da ƙauyukan da ke kewaye, waɗanda suka ji daga iyayensu inda mashigi yake, da inda zangon fatake yake, da shekarar da ruwa ya tafi da wace gada. Da yawa daga cikinsu rikici ya kore su daga gidajensu, kowace shekara kuma suna raguwa. Ni dai na ba ɗalibaina aikin hutu, kowa ya je ya zauna gaban kakansa da littafi da biro, ya tambaye shi labarin hanyar da ta bi ta garinsu, wa ya share ta, da me aka yi gadarta ta farko, yaushe mota ta fara shigowa. Wasu sun komo da shafi biyu, wasu da goma. Wata yarinya ta kawo mini sunayen mutum bakwai na unguwarsu da aka ɗiba aikin hanya, kamar yadda kakarta ta lissafa mata. Na adana takardar.

Ga hukuma kuwa roƙona bai wuce biyu ba. A riƙa duba ginshiƙan gadojin nan da kwalbatocinsu kowace shekara kafin ruwa ya sauka, tun da rigakafi ya fi magani, a kuma tsare hanyar yadda manomi zai kai doyarsa kasuwa, yaro ya je makaranta ya komo. Mutanen bakin wannan hanya sun ɗauki kayan fatake, sun ɗauki na Gwamna, sun ɗauki na gingimari. Allah Ya kawo ranar da ita ma hanyar za ta ɗauki nasu lafiya.